Kuɗin sallama na naira miliyan 8 cikin shekara biyu: nazarin lamarin wani ɗan fansho a Zariya

Ma'aikacin da ya yi ritaya yakan riƙe kuɗi mafi yawa da ya taɓa gani a rayuwarsa a daidai lokacin da samunsa na wata-wata ya ragu, ƙarfin da zai nemi wasu kuma ya fara ja da baya. Wannan nazari ya shafi mutum ɗaya ne, wani dattijo mazaunin Tudun Wadan Zariya, wanda ya yi shekara 35 yana aiki a ɓangaren mulki na wata cibiyar gwamnatin tarayya. Aminin mahaifina ne, mun zauna tare mun bi lissafinsa daga tushe, kuma ya yarda a rubuta don amfanin wasu bisa sharaɗin a sakaya sunansa. Zan riƙa kiransa Malam, kamar yadda ake kiransa a unguwa. Na zubar da ƙananan canjin da ke kan alƙaluman kuɗinsa don lissafi ya yi sauƙin bi.

Malam yana cikin tsarin fansho na karo-karo wanda dokar 2004 ta kafa, aka kuma yi mata gyara a 2014. A tsarin nan ana cire kashi 8 cikin ɗari na albashin ma'aikaci, wanda ya ɗauke shi aiki ya ƙara kashi 10, a zuba a asusun da kamfanin fansho ke juyawa a ƙarƙashin kulawar hukumar PenCom. Idan mutum ya ajiye aiki sai a ba shi wani kaso a dunƙule, ragowar kuma a riƙa biyansa wata-wata. Abin da mutane da yawa ba sa lura da shi shi ne, duk abin da aka ƙara a dunƙulen, daga fanshon wata ake rage shi. Malam ya nemi iyakar abin da aka yarda a ba shi, kuma bayan jiran watanni, waɗanda gidan ya ci su da bashin mai shago da na mai awo, naira miliyan 8 suka shiga asusunsa a tsakiyar 2023. Fanshon da aka yanka masa bai kai rabin albashinsa na ƙarshe ba, alhali a wuyansa akwai maiɗakinsa, da yara biyu da ke makaranta, da 'ya da aka sa wa rana, da mahaifiyarsa tsohuwa a cikin birni.

Lokacin da kuɗin suka shigo ya yi tasiri a kan duk abin da ya biyo baya. A ranar 29 ga Mayu 2023 aka sanar da cire tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 nan take. A watan Yuni Babban Bankin Najeriya ya bar kasuwa ta yanke wa naira farashi, dalar da hukuma ke sayarwa a kan naira 460 da 'yan kai ta wuce 1,500 a watan Fabrairu 2024. Hauhawar farashi, a ƙididdigar Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, ta tashi daga kashi 22.41 a Mayu 2023 zuwa 34.19 a Yuni 2024. Ma'anar wannan ga mai ajiya ita ce, naira miliyan 1 da aka bari a banki tsakanin Yunin 2023 da Yunin 2024 ba za ta sayi fiye da abin da naira 745,000 ke saye a farko ba. Saboda haka maganar da Malam ya riƙa ji a majalisarsu ta bayan La'asar, cewa kuɗi yanzu ba a ajiye su sai dai a juya su, gaskiya ce. Sai dai ba wanda ya tambaye shi yaushe zai buƙaci kuɗin kafin a faɗa masa inda zai kai su.

Rabon farko da ya yi ba shi da aibu mai yawa. Ya kashe miliyan 1.5 wajen biyan basussuka, da sake rufin ɗakuna biyu, da ihsani ga dangi. Ya sayi fili na miliyan 2.5 a wani sabon yanki da ake yankawa a bayan gari. Ya sa miliyan 1 a Sukuk, wata takardar zuba jari ta gwamnatin tarayya marar kuɗin ruwa, da aka fitar a watan Oktoba 2023, bisa nacin wani tsohon abokin aikinsa. Ya bar miliyan 1 a banki da sunan bikin 'yarsa da larurar gaggawa. Ragowar miliyan 2 kuma ya jira kaka, ya tafi kasuwar Giwa da wani dillali da ya sani, ya sayi masara ya jibge a ɗakin da ke kusa da zaurensa.

Ajiyar hatsi tsohuwar sana'a ce a ƙasar Zazzau, kuma hikimarta a bayyane take: da kaka manomi yana buƙatar kuɗin biyan bashin taki da na 'yan ƙodago, kaya sun yi yawa a kasuwa, farashi ya sauka, da bazara zuwa tsakiyar damina rumbuna sun yi ƙasa, masu abincin kaji da 'yan kasuwar Kudu suna nema, farashi ya hau. Amma abin da ya faru a 2024 ya wuce wannan hawa da sauka na al'ada. Faɗuwar naira, da tsadar sufuri, da tsadar taki, da rashin tsaron da ya hana noma a wasu sassan Birnin Gwari da Giwa da maƙwabtan jihohi, duk sun haɗu a lokaci ɗaya, har hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 a tsakiyar shekarar. Malam ya sayar da masararsa a kan naira miliyan 3.4. Da aka cire kuɗin mota, da na 'yan dako, da maganin ƙwari, da la'adar dillali, waɗanda suka tasam ma 200,000, ribarsa ta tsaya a miliyan 1.2, wato kashi 60 cikin ɗari na uwar kuɗi. Ko an yi la'akari da abin da hauhawar farashi ta cinye, ya ci riba ta gaske da ta kusa kashi 20.

A nan ne lamarin ya ɗauki hanyar da ta kai shi ga asara. Malam yana da littafin lissafi, wani tsohon littafin rubutu na 'yan makaranta mai bango shuɗi, wanda yake ajiyewa a ƙarƙashin Alƙur'aninsa na tafiya. A shafin masara ya rubuta ranar saye da ranar sayarwa, ya ja layi biyu a ƙarƙashin bambancin, amma babu ko layi ɗaya na abin da aka kashe tsakanin ranakun biyu. Sai da muka bi rasit da abin da yake iya tunawa muka fito da 200,000 ɗin nan. A shafin da ke kallonsa ya rubuta abin da Sukuk ya ba shi a shekara, naira 157,500 a kan miliyan 1. Duk wanda ya dubi shafukan biyu tare, abu ɗaya zai gani. Na tambaye shi, "Baba, da kuka ga wannan riba, me kuka ɗauka ya kawo ta?" Ya ce, "Ɗana, na ɗauka na gane sana'a ne. Kowa na cewa abin da ya hau a Najeriya ba ya saukowa." A ganina wannan jimla ita ce tushen matsalar. Ribar 2024 ba ta fito daga ƙwarewar mai ajiya ba, ta fito ne daga wata girgiza da ta auka wa tattalin arziki gaba ɗaya, kuma girgiza irin wannan ba a yi wa kowa alkawarin za ta maimaitu ba.

Da kakar 2024 ta zo, ya yanke shawarar shiga da ƙarfinsa duka. Ya haɗa miliyan 3.2 na uwar kuɗi da riba. Ya kwashe 700,000 da suka rage a banki, waɗanda aka ware don biki da larura, da tunanin zai mayar da su ninki kafin ranar ta zo. Ya shawo kan maiɗakinsa ta sayar da sarƙa da 'yan kunnenta na zinari a kan 600,000. Sannan ya shiga adashin mutum goma na zubin 50,000 a wata, ya roƙi uwar adashi ta ba shi kwasa da wuri, ya karɓi 500,000. Jimla miliyan 5 suka tafi Giwa. Ya kamata a dubi waɗannan kuɗi ɗaya bayan ɗaya, domin ko da yake a buhu sun zama masara iri ɗaya, ba haƙƙi ɗaya ke kansu ba. Kuɗin biki suna da ranar da aka sa. Kuɗin larura ba su da rana, ana iya buƙatarsu gobe da asuba. Zinarin Mama, wato maiɗakin nasa, shi ne kaɗai abin da take da shi wanda ake iya mayarwa kuɗi cikin sa'a guda a Sabon Gari. Kuɗin adashi kuwa bashi ne, ko da ba a kira shi da wannan suna ba, domin wanda ya yi kwasa da wuri sai ya ci gaba da zubi daga fanshon da tun asali bai isa ba.

Kasuwa ba ta bi tsarin bara ba. Tsadar 2024 ta ja manoma da yawa zuwa masara, damina ta yi kyau a wurare da dama, kaya suka yi yawa. Tun a watan Yuli 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da ɗage harajin shigo da masara da alkama da wake da shinkafar da ba a gama gyarawa ba na tsawon kwana 150. Naira ta daina faɗuwar da take yi, ta zauna a kusa da 1,500 zuwa 1,600 a kan dala. Akwai kuma wani dalili da ba a cika ambata ba: ba Malam kaɗai ya ga ribar bara ba. Malaman makaranta, da ma'aikatan asibiti, da 'yan fansho, da matan aure masu adashi, duk sun sayi hatsi sun ajiye, kuma duk wata ɗaya suke jira su fitar. Idan masu jiran tashin farashi suka yi yawa, kayan da ke ɗakunansu su ne ke hana shi tashi. Bazarar 2025 ta zo ta wuce farashi bai kai inda aka saya ba, damina ta sauka yana ƙara yin ƙasa.

Hatsi kuma ba ya jira kamar yadda takarda ke jira. Ɗakin da ya ɗauki kayan bara cikin walwala ya cika har rufi, buhunan ƙasa suna zaune a kan siminti ba tare da katako ba, na jikin bango suna shan danshi. A watan Yuni, in mutum ya kara kunnensa a jikin wasu buhunan yana jin motsin ƙwari a ciki, in an ɗaga buhu sai a ga gari ya zuba a ƙasa. Da dillali ya soka ƙarfen ɗiban samfuri ya zuba a tafin hannunsa, ƙwayoyi masu huji suka fito, nan take ya rage farashi. Buhunan da ba sa shigar iska, masu leda a ciki, suna maganin wannan, amma Malam ya ga kuɗinsu ya yi yawa a kan kaya masu yawa haka.

A watan Yuli Mama ta kwanta, likitoci suka ce sai an yi mata aiki cikin mako, kuma aikin da magunguna za su ci kusan naira 900,000. Inshorar lafiyar da ke rufe iyalin ta tsaya tun ranar da Malam ya bar aiki. Babu komai a banki, babu zinari, ga zubin adashi bai ƙare ba. Sai ya tuna da fili, wanda dillalai ke ce masa ya kai miliyan 4. Da aka kawo mai saye, sai ya nemi ganin takardu, kuma abin da ke hannun Malam takardar ciniki ce mai sa hannun shaidu da hatimin mai unguwa. Da mai sayen ya bincika sai ya gano gonar da aka yanka filayen daga cikinta gado ce da ba a gama rabawa ba, kuma wata daga cikin magada, da ke aure a wani gari, ta ce ba da yawunta aka sayar ba. Ya janye, na biyu ma ya janye. A ƙarƙashin dokar amfani da ƙasa ta 1978 ƙasar jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana, kuma a Jihar Kaduna hukumar KADGIS ce ke rajistar filaye da ba da takardar shaidar mallaka. Bincike a can, da tambayar dattawan unguwa ko an raba gadon, ba za su ci ko kashi kaɗan na miliyan 2.5 ba. Miliyan 4 da ake faɗa masa kallon kitse ne ake yi wa rogo, domin darajar kadara ita ce abin da mai saye zai ƙirga ya miƙa a ranar da mai ita ke buƙata. Dole ta sa ya buɗe ɗakin masara ya sayar a farashin da aka taya, kuma dillalin ya san dalilin gaggawar.

An yi aikin lafiya, Mama ta samu sauƙi. Ragowar masarar ya riƙe ta yana fatan watan Agusta zai gyara, amma da sabuwar masara ta fara shigowa farashi ya ƙara karyewa, ya sallama duka. Abin da ya tara daga farko zuwa ƙarshe miliyan 3.6 ne, ɗawainiya ta ci 300,000, saura miliyan 3.3. Asararsa miliyan 1.7 ce, kashi 34 cikin ɗari. Wanda ya ji an ci ribar kashi 60 a shekarar farko, an yi asarar kashi 34 a ta biyu, zai zaci mai kaya yana kan gaba. Amma ribar an ci ta ne a kan miliyan 2, asarar kuwa an yi ta a kan miliyan 5, don haka shekara biyun sun tashi da giɓin naira 500,000. Da miliyan 2 ɗin nan ya sake sawa, da asararsa ba ta wuce 680,000 ba, da har yanzu yana da ribar 520,000 a hannu, da kuɗin biki da zinari suna nan. Ba zaɓen masara ne ya kayar da shi ba, yawan abin da ya sa da inda ya ɗebo shi ne. Zinarin ma bai tsaya inda aka bar shi ba, domin a kasuwar duniya ya haura dala 3,000 a kan oza a watan Maris 2025, ya kuma haura 4,000 a watan Oktoba.

Sukuk ɗin da ya raina shi ne kaɗai ya yi abin da aka ce zai yi. Ofishin Kula da Basussuka na Ƙasa ya fara fitar da shi a 2017, na naira biliyan 100 mai wa'adin shekara bakwai, ana amfani da kuɗin wajen gina hanyoyi, masu zuba kuɗi kuma suna karɓar kuɗin haya duk wata shida maimakon kuɗin ruwa, abin da ya sa waɗanda ke gudun riba ta haram suka samu ƙofar shiga. Ana iya farawa da naira 10,000. Wanda Malam ya saya na shekara goma ne, a kan kashi 15.75, don haka duk wata shida naira 78,750 ke shigowa asusunsa ba tare da ɗan dako ko maganin ƙwari ba. Amma adalci ya sa a faɗi rauninsa. A shekarar da farashi ya hau da kashi 34, wanda ke karɓar kashi 15.75 ƙarfin kuɗinsa raguwa yake yi, ko da lambar da ke takarda ba ta canja ba. Kuma da ya so sayarwa a ranar larura, ko da yake ana cinikinsa a kasuwar hannun jari ta hannun dillalai masu lasisi, da ƙasa da miliyan 1 za a saya, domin wanda aka fitar a watan Mayu 2025 yana ba da kashi 19.75, kuma ba mai biyan cikakken farashi a kan tsoho alhali sabo ya fi shi. Sukuk ya dace da kuɗin da za a iya mantawa da su tsawon shekaru, bai dace da kuɗin asibiti ba.

Akwai wuri ɗaya da Malam ya yi abin a yaba. A farkon 2025 ɗansa ya kawo masa wani shiri na waya da ke alkawarin ninka kuɗi cikin wata guda. Malam ya tambaye shi me mutanen ke saye, me suke sayarwa, kuma wace hukuma ta san da su. Da yaron ya kasa amsawa, ya ce a rufe maganar. Waɗanda suka tuna yadda MMM ta rufe asusun mutane a watan Disamba 2016, ko yadda CBEX ta durƙushe a watan Afrilu 2025, sun san darajar waɗannan tambayoyi. Dokar zuba jari ta 2025 ta tanadi tarar da ba ta gaza naira miliyan 20 ba, ko ɗaurin shekara goma, ko duka biyun, ga masu irin wannan damfara, kuma duk kamfanin da ke karɓar jarin jama'a ana iya duba rajistarsa a SEC, hukumar da ke kula da kasuwar hannun jari. Abin da ke ba ni mamaki shi ne mutumin da ya yi wa baƙon abu wannan binciken bai yi wa masara da fili ba, saboda ya saba ganinsu tun yana yaro.

Da za a sake rabon daga farko, ba da tambayar wanne ya fi riba za a fara ba. Za a fara ne da ware abin da gidan ke ci na wata shida, tare da abin da larurar asibiti ka iya ci, a sa su inda za a iya cirewa a rana ɗaya, a kuma yarda cewa hauhawar farashi za ta ɗan ci daga ciki, domin wannan shi ne kuɗin da ake biya don kada a tilasta wa mutum sayar da kayansa a mugun lokaci. Mai gudun kuɗin ruwa yana da bankuna irin su Jaiz, wanda ya fara aiki a 2012, da TAJ da Lotus, masu asusun mudaraba da ake raba riba. Tun watan Mayu 2024 hukumar NDIC ta ɗaga inshorar ajiya a manyan bankuna daga naira 500,000 zuwa miliyan 5 ga kowane mai ajiya, kuma soke lasisin bankin Heritage a watan Yuni na shekarar ya nuna amfanin kada a wuce wannan iyaka a banki ɗaya. Bayan haka sai kuɗin da aka san ranarsu, kamar biki da kuɗin makaranta, waɗanda ba a kai su inda farashi ke hawa da sauka. Abin da ya rage ne kaɗai ya cancanci shiga hatsi ko fili ko hannun jari. Game da hannun jari, Malam yana da tsofaffin takardun da ya saya a 2007, waɗanda faɗuwar kasuwa ta 2008 ta sa ya jefa su a akwati bai sake dubawa ba, alhali ma'aunin kasuwar ya hau da fiye da kashi 45 a 2023 da fiye da 37 a 2024, kuma ribar da ba a karɓa ba ana iya nemanta ta cike takardar biya kai tsaye zuwa asusu.

Ba zan wuce ba tare da ambaton wani ɓangare da Malam da kansa ya tayar ba. Ya ce tun da ya ga mata suna awon rabin tiya a lokacin da ɗakinsa ke cike, zuciyarsa ba ta kwanta ba. Malamai sun bambanta tsakanin mai saye da kaka lokacin yalwa, da mai ɓoye abinci lokacin da jama'a ke cikin ƙunci don ya ƙara tsada, kuma hadisi ya yi hani ga na biyun. Hukuma ma tana sa ido: a watan Fabrairu 2024 hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci ta Jihar Kano ta rufe wasu rumbunan ajiya a yankin Dawanau bisa zargin ɓoye kayan abinci. Akwai kuma zakka, kashi 2.5 cikin ɗari na dukiyar da ta kai nisabi ta kuma shekara, wadda a mazhabar Malikiyya hukuncin ɗan kasuwa mai juya kaya kullum ya bambanta da na mai ajiyewa yana jiran kasuwa. Wannan ma babu shi a littafin mai bango shuɗi, kuma ya kai maganar gaban limamin unguwarsu don a fitar masa da abin da ke kansa.

Bayan kuɗin aiki, miliyan 2.4 suka rage. An sa 900,000 a asusun da ba a taɓawa sai don larura, kuma Mama ta san da shi, tana da ikon cirewa. An mayar da 700,000 na biki, wanda aka ɗaga aka kuma rage masa hidima da yardar dangin ango. An ba Mama 500,000 a matsayin kashin farko na zinarinta, Malam ya rubuta a gaban 'ya'yansa cewa nauyin zinarin ne bashin da ke kansa, ba kuɗin da aka sayar da shi ba. Da 300,000 aka sayi masara da dawa da wake na cin gida, a buhuna masu leda, a kan katako. Kuɗin hayar Sukuk na gaba an ware su don yi wa shi da Mama rajistar inshorar lafiya ta masu biya da kansu. Adashi ya ƙare, kuma bai shiga wani ba.

Inda muka saɓa da shi shi ne batun kaka mai zuwa. Yana ganin tun da farashi ya faɗi har manoma suna kukan ba su mayar da kuɗin taki ba, da yawa za su rage noman masara, kuma wanda ya saya da arha zai ci riba. Hujjarsa tana da ƙarfi, kuma mai yiwuwa ne kasuwa ta gaskata shi. Abin da na ce masa shi ne, "Baba, ko da kun yi daidai, yanzu babu kuɗin da ba su da aiki a gidan nan." Mun tsaya a kan cewa ba za a taɓa ko ɗaya daga cikin kason da aka ware ba, kuma in an warware rikicin fili aka sayar, za a fara cika zinarin Mama, sannan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ya saura ya shiga hatsi. Magadan gonar sun yarda a zauna a gaban hakimi, wanda ya sayar kuma ya amince a cire haƙƙin 'yar'uwarsu daga filayen da ba a riga an sayar ba. In an sa hannu a kan wannan, Malam zai kai takardun KADGIS kafin ya sake kiran dillali.